Ciwon ya lafa, a gida an ce in ajiye magani: masu mayasteniya dan Allah ku zo

Maman Ilham, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar duk wanda ya san ciwon nan mayasteniya girabis, ko yana da shi ko yana jinyar mai shi. Ni nawa ya fara ne bayan haihuwata ta biyu, fatar idona na hagu ta riƙa saukowa in yamma ta yi, abu ɗaya in gan shi biyu, daga baya tauna ta gagara, zan fara cin tuwo lafiya lau kafin in kai rabi muƙamuƙina ya mutu, in na sha ruwa ya dawo ta hanci. Wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce wasu suka ce iska ce, har Allah ya haɗa mu da likitan jijiyoyi ya ɗora min ƙanƙara a kan ido minti 2 sai ga ido ya buɗe tar, aka ɗebi jini aka tura Legas sakamako ya tabbatar. Aka ɗora ni kan Mestinon da firedinisolon da azatayofirin. Alhamdulillah yanzu na fi shekara ban ga komai ba, ina girkina ina wankina na koma makarantar da nake koyarwa, firedinisolon ɗin ma an rage shi ya koma ɗan kaɗan. To matsalar Dada ce mahaifiyar maigidana, ta ce tunda na warke a yi sadaka a ajiye ƙwayoyin nan, wai su suka kumbura min fuska kuma su suka hana ni ƙara haihuwa. Shi maigidan bai faɗa da baki ba amma na san kuɗin yana damunsa. Ni kuma wallahi tsoro nake ji. Akwai wanda ya taɓa dainawa ya zauna lafiya?

Adda ta Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ajiye ko ƙwaya ɗaya sai likitan da ya ɗora ki ya ce. Ni na girme ki a ciwon nan sosai, ya tafi ya dawo min ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da ya tafi sai gida a ce an warke a soya waina a raba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to haka ciwon nan yake. Lafiyar da kike ji yanzu maganin ne yake riƙe da ita bayan ikon Allah, ba wai abin ya fita daga jininki ba ne.

Ummu Sudais:
Allah ya ƙara sauƙi Maman Ilham. Ni yau na fara jin sunan ciwon ma. Ana ɗaukarsa ne a wajen wani?

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya:
Ummu Sudais ba a ɗauka ko kaɗan, ko kwano ɗaya kuke ci. Garkuwar jikin mutum ce da ya kamata ta yaƙi ƙwayoyin cuta take juyowa kan jikin kansa. Jijiya tana aika wa tsoka saƙo ta motsa, a jikin tsokar akwai wuraren da suke karɓar saƙon, to garkuwar sai ta toshe su wasu ma ta lalata su, shi ya sa da safe bayan an huta mutum yake garau amma yana ta aiki yana ta raguwa. Kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda ciwon ya game musu jiki ana ganin wannan abin a gwajin jini. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da kuma maza da suka haura 60.

Maman Ilham ki bambanta magungunanki guda ukun nan don ba aiki ɗaya suke yi ba. Mestinon ba ya taɓa tushen ciwon, ƙarfi kawai yake ba ki na awa 3 zuwa 4 ya sake ki. Firedinisolon da azatayofirin su ne suke danne garkuwar. Firedinisolon in mutum ya daɗe a kansa jikinsa yana rage ƙera irin sinadarin da kansa, in aka yanke shi rana ɗaya ban da dawowar ciwon ma jini na iya faɗuwa mutum ya yi ta amai ya galabaita, shi ya sa a hankali ake sauka da shi. Azatayofirin kuma shi ne mai yaudarar mutane, yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara kafin ya kama aiki, in kin daina ma ba za ki ga komai ba a satin farko ko watan farko, kowa ya ce kin gani ai dama kin warke, sai can bayan watanni abin ya dawo, sannan kuma a koma jiran ya sake kamawa daga farko.

Baban Walid, Pantami:
Ni fa ina da ja a maganar nan. Sista ku ma'aikatan asibiti kullum maganarku kenan kar a daina kar a daina, to sai yaushe? Mutum ya ƙare rayuwarsa a layin kemis? Ƙanwar matata ta yi irin wannan faɗuwar idon, aka yi mata rubutu da ruƙiya ta sha habbatus sauda da zuma, yau shekara nawa ras take ko fanadol ba ta sha. Dada ba ta yi laifi ba, tsohuwa ce ta ga jiya ta ga yau, tausayin surukarta take ji. Mu dinga haɗawa da tawakkali mana.

Adda ta Jekadafari:
Baban Walid ita ƙanwar matar taka an gwada jininta an ce shi ne? Faɗuwar fatar ido abubuwa da yawa ke kawo ta. Kuma ko shi ɗin ne, akwai wanda nasa a ido kawai yake tsayawa, akwai wanda Allah yake yaye masa ya daɗe ba magani, likitoci ma sun san da haka amma ba su ne masu yawa ba. Wannan baiwar Allah ta gaya maka ruwa yana dawo mata ta hanci, nata ya taɓa maƙogwaro, wanda ya taɓa maƙogwaro kuwa numfashi yake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na kwana a ɗakin da na'ura ce take min numfashi, ina jin duk abin da ake faɗa a kaina amma ko yatsa ba na iya ɗagawa in ce musu ina ji, 'ya'yana suna kuka a waje. Ba wanda ya hana addu'a, ni kaina ban taɓa barin azkar da tofi ba, amma Manzon Allah SAW shi ya ce a nemi magani.

Baban Walid, Pantami:
Subhanallah. Allah ya ba ki lada Adda. Gwajin jini dai ban ji an yi mata ba gaskiya. Amma har yanzu tambayata tana nan, ba ranar da za a ce an gama?

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya:
Akwai, ga wasu. Su likitocin ba sa cewa ciwon ya kwanta gaba ɗaya sai mutum ya yi shekara cur ba alama kuma ba ya shan komai, kuma hanyar zuwa can ɗin ita ce a riƙa ragewa kaɗan kaɗan ana dubawa, in alama ta leƙo a tsaya. Ai ita ma Maman Ilham a kan hanyar take tunda an rage mata. Da yawa kuma suna zama ne a kan ɗan ƙaramin magani shekara da shekaru suna harkokinsu ba wanda zai gane. Abin da Adda ta faɗa na numfashi kuma, kusan mutum 1 cikin 5 na masu ciwon yana gamuwa da shi ko sau ɗaya ne a rayuwa, kuma maganin fitar da mutum daga ciki wato ƙarin ruwan garkuwa da ake cewa IVIG ko tace ruwan jini, kuɗinsa ya ninka na ƙwayoyin shekara nesa ba kusa ba, ba kuma ko'ina ake samu ba. In maganar kuɗi ce wallahi ƙwayar ita ce mai arha.

Hamma Usman, Kumo:
Ni mijin mai ciwon ne bari in yi magana a madadin mazan. Maman Ilham kar ki ga laifin maigidanki, tun da aka saki naira a 2023 maganin da ake shigowa da shi daga waje ya zama abin da ya zama, wata ran ma da kuɗinka a hannu za ka zaga garin Gombe ba Mestinon sai ka sa a nemo maka a Kano ko Jos. Amma abin da ya canza min tunani shiga da na yi wajen likita tare da ita, da a mota nake jira ko in ba ta kuɗin keke ta je ita kaɗai ta dawo ta ba ni labari rabi da rabi. Ranar da na zauna likitan ya sa ta ɗaga hannuwa sama ta riƙe, ya sa ta kalli silin ba ƙiftawa, ina kallo da idona fatar idon tana saukowa a hankali, tun ranar ban sake ce mata ragwanci ba ne. Ki ja shi ku shiga tare. Kuma shi ya kamata ya yi wa Dada bayani ba ke ba, magana daga bakin ɗa daban take da ta suruka kin san halin gidajenmu.

Maman Ilham, Tumfure:
Hamma Usman wannan kalmar ta ragwanci ita ta fi ci min rai lokacin da abin yake kaina. Da safe a gan ni ina shara ina dariya, la'asar na yi a same ni kwance ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa don hannu ba ya kaiwa kai, sai ka ji ana cewa ai da an ce aikin yamma sai ciwo ya tashi. Har murmushina ya canza, a hoton bikin ƙanwata aka ce na ɓata rai alhali iya ƙarfina nake murmushi. Kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, yanzu da nake lafiyar ma hankalina ba a kwance yake ba. Duk yamma sai na duba madubi in ga ko idon ya sauko, in na gaji gajiyar da kowa ke yi sai gabana ya faɗi, in muryata ta ɗan shaƙe a aji sai in ce shi kenan ya dawo. Kowa na taya ni murna ni kuma ina zaman jira.

Ummu Hanan, Bauchi:
Wayyo Maman Ilham kamar kin shiga zuciyata. Ni nawa lufus ne ba irin naku ba, gaɓoɓi da fata da ƙoda yake taɓawa amma duk garkuwar jikin ce, kuma shi ma haka yake yi ya kwanta ya tashi. Ni a wajena dawowar ta fi farkon ciwo, don a farko ba ka san me ke gabanka ba kuma kowa yana tausayinka ana zuwa dubiya da lemo, amma a karo na biyu ka san duk abin da za ka sha, 'yan dubiya sun gaji, wasu har su ce ba an ce ta warke ba? Ga kumburin fuskar firedinisolon, a haɗu da ke a biki a ce kai wance kin ji daɗi kin yi ƙiba, ba su san sukari da hawan jini ake ta auna miki saboda shi ba. Abin da ya ɗan taimake ni na daina cewa mutane na warke, ko an tambaya sai in ce da sauƙi alhamdulillah ina kan magani. Kuma lokacin da nake da lafiya ina morarsa, in je gidanmu in je islamiyya in yi ɗinkina, don in na zauna jiran ranar da zai dawo na yi asara biyu.

Adda ta Jekadafari:
Duba madubin nan duk mun yi shi ƙanwata, yana raguwa da shekaru amma ban ce miki zai tafi duka ba. Abin da ya fi miki amfani ki san abubuwan da ke tayar da shi, don sau da yawa ba haka kawai yake dawowa ba. Nawa mafi muni zazzaɓi ne ya jawo, aka kai ni wani kemis a unguwa aka ce taifod ne aka yi min allurar jentamaisin aka haɗa min da sifuro, duka magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, yaron kemis ɗin bai san ina da wani ciwo ba mu ma ba mu san akwai matsala ba, kwana kaɗan na kasa haɗiye yawu. Daga baya likita ya rubuta min jerin waɗanda zan kiyaye: jentamaisin da danginsa, sifuro da danginsa, azitiromaisin da eritiromaisin, kwinin, kulorokwin, da wasu magungunan hawan jini irin su furofaranolol. Ki dubi jerin nan da kyau, da yawansu abin da ake ba mutane kullum ne a garin nan in an ce maleriya da taifod. Takardar tana cikin jakata ko kasuwa zan je, na kuma ba babban ɗana kwafi. Sai zafi, watan Maris da Afrilu na Gombe in zafin rana ya kai digiri 40 ga ba wuta, ni ba na fita tsakar rana, girkin murhu ma da sassafe nake yi.

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya:
Ƙari kan maganar Adda, ba wai in kin kamu da cuta ki ƙi shan magani ba ne, ita kanta cutar tana cikin manyan masu tayar da shi, ko mura ce ko ciwon haƙori ko na fitsari. A yi maganinta da wuri amma mai rubutawar ya san kina da mayasteniya ya zaɓi wanda ya dace. Haka in za a yi miki tiyata ko wace iri ce, mai allurar barci ya sani tun kafin ranar. Kuma tunda kina kan azatayofirin kar ki yi wasa da gwajin jini da na hanta da ake cewa ki yi lokaci lokaci. In kika ga haɗiya ta fara wuya, ko wuyanki ya kasa riƙe kai, ko ba kya iya kwanciya rigingine saboda numfashi, ko magana tana fita ta hanci, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, ko tsakar dare ne a tafi babban asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman.

Ummu Sudais:
To maganar haihuwar fa? Don ina ga ita ce ainihin damuwar Dada. Mai ciwon tana iya ɗaukar ciki?

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya:
Tana iyawa sosai, ciwon ba ya hana ɗaukar ciki, kuma lokacin da ya lafa irin yanzu shi ne ma ya fi dacewa a shirya. Amma shiri ake yi da likita tun kafin a ɗauka. Mestinon da firedinisolon ana ci gaba da su da ciki, azatayofirin ma likitoci da yawa suna barinsa, waɗanda ba a yarda da su ba sam su ne metotireksat da maikofenolet don suna illata jariri. Wasu ciki yana ƙara musu ciwon wasu ba canji wasu ma sauƙi suke samu, inda aka fi jin tsoro shi ne makonnin farko bayan haihuwa. Abu biyu nake so duk mace mai ciwon nan ta haddace. Allurar maginiziyam salfet da muke yi wa masu jijjigar ciki, wadda take ceton mata ba adadi a arewa, ga mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi, don haka a rubuta ciwon ɓaro ɓaro a katin awo. Sannan jariri 1 zuwa 2 cikin 10 yana zuwa da ɗan rauni na wucin gadi, ya kasa tsotso ko kukansa ya yi ƙasa, yana wucewa cikin makonni amma dole a haihu inda akwai masu kula da jarirai su sa masa ido kwanakin farko. Ba haihuwar gida.

Adda ta Jekadafari:
Kuma a yi maganar wankan jego tun yanzu kafin ranar ta zo. Ruwan nan mai tafasa da ake watsa wa mai jego safe da yamma ga ɗaki an turara shi da zafi, ga rashin barci ga shayarwa, ni bayan autana abin da ya kwantar da ni kenan. Da ɗumi kawai ya isa. Wannan ma Dada za a fara shawo kanta.

Malam Abba, Herwagana:
Allah ya saka wa Sista da Adda da alheri. Ina so in ce wa ɗan uwana Baban Walid, tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Sadakar da Dada ta ce a yi kuwa abu ne mai kyau a yi ta, godiya ce ga Allah da ya kawo sauƙi, sai dai a raba ta da maganar ajiye magani. Ina kuma da tambaya, azumi fa ya kuke yi tunda an ce ƙwayar awa 4 take?

Adda ta Jekadafari:
Malam ya danganta da shekarar. Azuminmu a nan awa 13 zuwa 14 ne, shekarun da ciwon yake kaina ina shan Mestinon sau huɗu a rana ba yadda za a yi, na sha na rama daga baya, wata shekarar ciyarwa na yi bayan na tambayi malamai. Shekarun da ya lafa likita ya gyara min lokutan shan na yi azumina cikakke. Abin da ya fi min ciwo a lokacin kallon da yara suke min ina cin abinci da rana, amma Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame.

Hamma Usman, Kumo:
Maman Ilham an yi miki hoton ƙirji kuwa? Akwai wani ɗan abu a bayan ƙashin ƙirji da suke kira taimos, an ce mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon suna da ƙari a wajen. Likitan matata ya ce mana wani babban bincike da aka fitar a 2016 ya nuna cire shi yana rage ciwon da yawan firedinisolon ɗin da mutum ke buƙata ko da ba ƙari, ga waɗanda suka dace. Mu dai muna kan shawara ba mu yanke ba don aikin ƙirji ne. Ki tambaya ki ji ko ke kin dace. Kuma ki bincika inshorar lafiya, GoHealth ta jihar Gombe ko ta tarayya, ki ji me da me suke ɗauka, ko gwaje gwajen aka rage muku an rage wani abu.

Ummu Hanan, Bauchi:
Kuma ki gaya wa Dada Amitabh Bachchan na finafinan Indiya shi ma an same shi da mayasteniya tun shekarun 1980, ga shi ya haura 80 yana aikinsa. Tsofaffinmu sun san shi, wata ƙila ta yarda ciwo ne na asibiti ba jifa ba.

Baban Walid, Pantami:
Na ji bayananku kuma na ƙaru. Ni dai har yanzu ina ganin likitoci su dinga buɗe wa mutane baki suna gaya musu shirin da suke da shi, yaushe za a rage, me ake jira, don in an bar mutum a duhu yana ta sayen magani dole 'yan uwa su fara kawo nasu shawarwarin. Ba don Sista ta zauna ta rubuta ba wa zai san wannan azatayo ɗin sai bayan watanni yake nuna an daina shi?

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya:
Wannan kam gaskiyarka ne Baban Walid, likitocin jijiyoyi sun yi kaɗan ƙwarai a yankin nan, layi ya yi tsawo lokaci ya yi kaɗan. Shi ya sa nake ce wa marasa lafiya su rubuto tambayoyinsu a takarda tun daga gida, kuma su riƙe ɗan littafi suna rubuta ranar da ido ya sauko ko tauna ta yi wuya da abin da ya faru kafin nan, likita yana gani zai fi saurin gane inda aka dosa.

Maman Ilham, Tumfure:
Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya bar zumunci. An yi min hoton ƙirjin tun farko an ce ba ƙari, amma ba mu taɓa maganar cirewar ba zan tambaya. Na nuna wa Baban Ilham abin da Hamma Usman ya rubuta ya ce zai nemi izini a wajen aiki mu shiga tare ranar kilinik, kuma shi zai samu Dada. Maganar ciki ma a ranar zan ɗauko ta. Adda dan Allah ki ɗauko min hoton takardar magungunan nan ki turo min ta akwatin sirri in kai wa likitana ya duba ya sa min hannu a tawa.

Adda ta Jekadafari:
Zan turo miki bayan isha'i in sha Allah. Hamma Usman kai kuma in mutuminka na Kano zai aiko muku da Mestinon wannan watan ka yi min magana mu haɗa kuɗin mota, nawa saura na sati biyu.